Kufan Chernobyl: Dabbobi Sun Dawo, Guba Tana Nan

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, malamaina, iyayenmu da suka halarta, da ku ɗalibai, barkanmu da wannan lokaci. Na gode da aka ba ni wannan dama.

Duk wanda ya tashi a karkara ya san kufai. Gari ya tashi, damina biyu ciyawa ta cinye tsakar gida, shekara goma zomo da kurege da fakara sun mai da wurin nasu. Sai tsohuwar kuka da ramukan marina ne za su shaida maka an taɓa zama a nan. To, yau zan kai ku wani kufai a arewacin ƙasar Yukren, kusa da iyakar Belarus. Fari bai tashe shi ba, yaƙi ma bai tashe shi ba. Abin da ya kori mutanensa ba ya da launi, ba ya da wari, ba a jin ɗanɗanonsa, wato tururin nukiliya.

Akwai hoton da na daɗe ina kallo daga wannan wuri. Masu bincike ne suka kafa kyamara irin mai ɗauka da kanta idan abu ya gifta. Dawakan daji ne gajeru, masu kauri, gezarsu a tsaye, sun fake a cikin wani tsohon garken shanu na gonar gwamnati. Tagogin babu gilashi, bango ya tsattsage, su kuwa suna tsaye hankali kwance, sun guje wa ƙuda da zafin rana. Mutane da yawa da suka ga irin wannan hoto sai su ce, ai ka ga, ƙasa ta warke, ashe abin bai kai yadda ake faɗa ba. Wannan fahimta nake so mu zauna mu duba, domin ni ban yarda da ita ba.

Bari mu koma daren da abin ya faru. Ranar 26 ga Afrilun 1986, da ƙarfe 1:23 na dare, ma'aikatan tukunya ta huɗu, wato ɗaya daga cikin na'urorin nukiliya masu samar da zafi, a tashar wutar lantarki ta Chernobyl suna wani gwaji. Suna so su ga ko injin da ke juyawa zai iya ci gaba da tura ruwan sanyaya tukunya na ɗan lokaci idan wuta ta ɗauke. Ƙarfin tukunyar ya faɗi ƙasa sosai, sai suka zare kusan duka sandunan da ke riƙe ta domin ya dawo. Daga baya suka danna maɓallin kashe ta na gaggawa. Nan fa gizo yake saƙar. Kan waɗannan sanduna an yi shi da wani irin gawayi da ake kira girafait, wanda idan ya fara shiga, kafin ya rage wuta sai ya ƙara mata ƙarfi na ɗan daƙiƙu. Birki ne da idan ka taka sai mota ta zabura tukuna. Tukunyar ta fashe, ta cilla murfinta mai nauyin tan 1,000 ko fiye, ta kwashe kwana goma tana fitar da guba cikin iska.

Ku saurara da kyau. An san wannan aibi tun kafin daren. A 1983 an lura da shi a tashar Ignalina da ke Lituwaniya. A 1975 an yi wani hatsari a irin wannan tukunya a Leningrad. Rahotanni suna nan a rubuce, a cikin durowa, amma ba a gaya wa masu zama a gaban maɓalli ba. Bayan fashewar aka ɗora musu laifi kusan duka, sai a 1992 kwamitin ƙwararru na hukumar nukiliya ta duniya ya sake nazari, ya nuna cewa ƙirar tukunyar tana da babban kaso a cikin laifin.

Ɓoyon bai tsaya nan ba. Garin Pripyat yana kilomita uku daga tashar, da mutane kusan 49,000. Wannan Asabar ɗin yara sun tafi makaranta, an yi bukukuwan aure, mata sun shanya wanki. Sai bayan kimanin awa 36 aka jero motocin bas fiye da dubu, aka ce kowa ya ɗauki takardunsa da ɗan abin buƙata, kwana uku za a yi a dawo. Har yau ba a dawo ba. Duniya kuwa ba daga bakin hukumomin Tarayyar Sobiyet, wadda Yukren ke cikinta a lokacin, ta fara ji ba. Ranar 28 ga wata ne na'urar tashar Forsmark a Suwidin, mai nisan fiye da kilomita 1,000, ta yi ƙara a kan takalmin ma'aikaci, aka bi sawun iska aka gano daga ina take. Ranar 1 ga Mayu aka fito da yara faretin ranar ma'aikata a Kiyef. Shugaban Sobiyet, Gorbachev, bai yi wa jama'a jawabi a talabijin ba sai 14 ga Mayu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar madara. Cikin abin da tukunyar ta fitar akwai aidin mai guba, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk kwana takwas. Ya sauka a kan ciyawa, shanu suka ci, yara suka sha madara, ya taru a ƙululun maƙogwaro. Da an ce wa iyaye su daina ba yara madarar gida na 'yan makonni, da an tsare da yawa. Ƙasar Polan ta raba wa miliyoyin yara ruwan aidin na kariya cikin 'yan kwanaki. A ƙauyukan da ke kusa da tashar kuwa an yi jinkiri. Zuwa 2005 an ƙidaya fiye da mutum 6,000 da suka kamu da ciwon dajin maƙogwaro cikin waɗanda suke yara a lokacin, a Belarus da Yukren da Rasha. Magana ɗaya ce aka hana uwa ta ji.

Yanzu mu zo kan dabbobi. An kwashe mutane kusan 116,000 a 1986, aka shata da'irar kilomita 30. A ɓangaren Yukren yankin ya kai murabba'in kilomita 2,600, a ɓangaren Belarus ma akwai fiye da 2,000. A farko dajin ya ji jiki. Bishiyoyin da ke dab da tashar suka mutu a tsaye, launinsu ya koma ja, shi ya sa ake ce wa wurin Jan Daji. Aka sare su aka binne. Ɓeraye da ƙwari na cikin ƙasa suka ragu ƙwarai. Aka tura maharba ƙauye-ƙauye suna harbe karnukan da masu su suka bari.

Da shekaru suka ja sai abu ya juya. Babu garma, babu mai saran itace, babu tarko, babu mota a hanya. A 2015 wata tawaga da ta haɗa da Tatiana Deryabina ta Belarus da Jim Smith na Jami'ar Portsmouth a Ingila ta fitar da sakamakon ƙidayar shekaru, wadda aka yi da jirgi mai saukar ungulu da kuma bin sawu a kan ƙanƙara. Suka samu cewa barewar Turai da aladen daji da wata ƙatuwar dabba mai kama da gwanki suna da yawa daidai da na gandayen daji masu tsabta a yankin. Kyarkeci kuwa ya ninka nasu sau bakwai. Dabbar beyar, wadda aka daɗe ba a gani a wurin ba, kyamara ta kama ta a 2014. An saki ɓaunar Turai a ɓangaren Belarus a 1996. Dawakan da na ba ku labari, waɗanda ake kira Przewalski, an fara sakin su a 1998, kusan 30, yanzu sun haura 100. Filin ƙwallon Pripyat ya zama kurmi.

Wannan gaskiya ne, ba na musu. Amma akwai wata gaskiyar a gefenta. Wasu masu bincike biyu, Anders Moller da Timothy Mousseau, sun shafe shekaru suna kama tsuntsaye a wurin. Sun samu tsattsewa masu fararen tabo a gashi, da masu ƙari, sun kuma ba da rahoton ƙarancin gizo-gizo da ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi a wuraren da guba ta fi yawa. Akwai gwajinsu ɗaya da ko yaro zai gane. Sun cika jakunkunan raga kusan 600 da busassun ganye masu tsabta, suka warwatsa su a daji, suka dawo bayan wata tara. Inda guba ba ta da yawa, ganye ya ruɓe yadda ya saba. Inda ta fi yawa, ruɓewar ta ragu da kimanin kashi 40 cikin 100. Manomi ya san ma'anar wannan. Idan shara ba ta zama taki ba, to masu aikin cikin ƙasa ne ba su da lafiya, su tana da funfuna da ƙananan ƙwari. Kuma ganyen da bai ruɓe ba makamashi ne. A Afrilun 2020 gobara ta ci dajin har ta kusa kaiwa tashar, hayaƙi ya sake ɗaga gubar da ta kwanta.

Masana suna jayayya a kan wasu daga cikin waɗannan sakamako, kuma jayayya ce ta gaske, kowa da ma'auninsa. Ni dai abin da na fahimta shi ne ɓangarorin biyu ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba. Ɗaya yana ƙirga garke, ɗaya yana duba jikin dabba guda. Garke yana iya yawaita alhali a cikinsa akwai masu wahala, tunda dabbar daji ba ta daɗewa a duniya, kafin ciwo ya nuna kyarkeci ya cinye ta, wata kuma ta shigo daga waje ta cike gurbi. Ɗan Adam kuwa shekara saba'in yake nema, kuma ba a ƙirga shi a garke. Kowane yaro da aka yi wa aiki a wuya yana da suna, yana da uwa.

Sai kuma abin da ya kamata ya sa mu sunkuyar da kai. Idan dabba ta fi yawaita a ƙasar da ke da gubar nukiliya a kan ƙasar da mutum ke zaune, to wannan shaida ce a kanmu. Nomanmu da farautarmu da saran dajinmu sun fi mata nauyi a kan tururin. A Fukushima ta Japan, bayan hatsarin tashar nukiliya na 11 ga Maris na 2011, an ga irin haka: aladen daji da birai suna yawo a unguwannin da aka bari. Ba alheri tururin ya yi musu ba. Tafiyar mutum ce ta ba su sarari.

Gubar kuma ba ta tafi ba. Sinadarin siziyom yana ɗaukar shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, akwai nau'in fulutoniyom da ke ɗaukar shekara 24,000. A Birtaniya sai a 2012 aka ɗage takunkumi na ƙarshe a kan tumakin tsaunukan Wales da Cumbria. A kudancin Jamus har yanzu maharba suna kai aladen daji a gwada, ana zubar da naman wanda ya wuce ƙima. Binciken 2023 ya nuna wani kaso na gubar da ke jikinsu ma ya girmi Chernobyl, ya fito ne daga gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya na shekarun 1950 da 1960.

Wani zai ce, malam, mu ina ruwanmu da Yukren? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, hamadar da iskar hunturu ke taso mana daga cikinta. A Janairun 1961 gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa saboda waɗannan gwaje-gwaje. A Arlit ta Nijar ana haƙar yuraniyom tun farkon shekarun 1970, kuma da aka rufe mahaƙar Akokan a 2021, an bar tarin dusar ma'adini mai guba kimanin tan miliyan 20 kusa da gari. 'Yan'uwanmu ne ke shaƙar iskar, dabbobinsu ke kiwo a kewaye. Haƙƙinsu ne a auna ruwan rijiyarsu a faɗa musu sakamako da harshen da suke ji, kafin ciwo ya faɗa musu.

Ba ina cewa a guji ilimin nukiliya ba. A Zariya akwai ƙaramar tukunyar bincike da ke aiki tun 2004, ana kuma amfani da tururin wajen jinyar ciwon daji. Abin da nake tsoro shi ne ɗabi'ar rufe baki. Tun a 1957 tankin sharar nukiliya ya fashe a masana'antar Mayak, kusa da Kyshtym a tsaunukan Ural na Tarayyar Sobiyet. Aka kwashe ƙauyuka ba tare da an gaya musu dalili ba. A 1966 aka mai da yankin gandun daji, hukuma kuma ba ta amsa abin da ya faru ba sai a 1989. Shekara 29 ke tsakanin Kyshtym da Chernobyl. Da an buɗe wancan darasi, da masu tsara kwashe mutane da likitocin ƙauye sun shiga 1986 da ilimi a hannu.

Ku ɗalibai, musamman masu karatun injiniya da likitanci, wata rana takarda za ta zo teburinku mai cewa akwai aibi a wani abu. Mai gidanku zai so a saka ta a durowa. Ku tuna da ma'aikacin da ya danna maɓalli yana tsammanin birki ne.

A Nuwamban 2016 aka turo wata ƙatuwar rumfar ƙarfe, mai tsayin mita 108, aka rufe tukunya ta huɗu da ita, da niyyar ta yi shekara 100. A Fabrairun 2022 sojojin Rasha suka shiga yankin, suka yi sama da wata guda, suka tona ramukan fakewa a ƙasar Jan Daji, suka kwana a ciki. Ranar 14 ga Fabrairun 2025 jirgi marar matuƙi ya huda rumfar, wuta ta kama a cikin rufinta, aka shafe makonni kafin a gama kashe ta. A lokacin ko shekara goma rumfar ba ta cika ba.

A nan zan dakata, shugaban taro. Na ga hannuwa a sama tun ɗazu, a fara da na baya.