Mako Biyu a Maroko: Inda Jirgin Ƙasa Ya Tsaya, Nan Mota Za Ta Karɓa

Assalamu alaikum, masu kallo. Yau za mu shimfiɗa tafiyar kwana 14 a ƙasar Maroko, daga saukar jirgi a Kasabalanka har komawa gida. Doka ɗaya ce ta riƙe tsarin duka: tsakanin manyan birane a hau jirgin ƙasa, mota kuwa sai inda layin dogo bai kai ba. Wanda ya karɓi motar haya tun daga filin jirgi zai biya kuɗin mako biyu, alhali rabin kwanakin motar tana ajiye a bakin ganuwa tana shan rana.

Ga yadda taswirar take. Layin dogo ya taso daga Tanja a arewa, ya bi Rabat da Kasabalanka, ya ƙare a Marakish. Wani reshe ya yi gabas zuwa Meknas da Fas. Bayan duwatsun Atlas, wajen Sahara, babu dogo sam. To nan ne aikin mota.

Kafin komai, ɗan Najeriya sai da biza, don haka a fara da ita kafin a biya masauki. Sannan lokaci. Maris zuwa Mayu, ko Satumba zuwa Nuwamba, su suka fi. A watan Yuli zafin Merzuga, ƙauyen da ke bakin tuddan yashin Sahara, kan haura digiri 40, a Janairu kuma dusar ƙanƙara na iya rufe hanyar dutse.

Ranar farko ka sauka a filin jirgin Muhammad na Biyar. Akwai tashar jirgin ƙasa a ƙarƙashin ginin, ka hau zuwa Casa Voyageurs. Riƙe sunan nan da kyau, domin akwai wata tasha mai suna Casa Port, kuma jirgin Tanja da na Marakish ba daga can suke tashi ba. Kwana ɗaya ya wadatar a Kasabalanka: ka huta, ka yi salla a Masallacin Hassan na Biyu da aka buɗe a 1993 a bakin teku.

Washegari sai Al Boraq, jirgi mai gudun kilomita 320 a awa da ya fara aiki a 2018. Awa biyu da 'yan mintuna ka isa Tanja. Tikitinsa da lambar kujera yake zuwa, kuma kuɗin na hawa idan ranar ta matso, saboda haka a saya da wuri a shafin ONCF, hukumar jiragen ƙasar. Kwana biyu a Tanja, rana ta huɗu ka nufi Fas. Duba tikitin ko akwai canjin jirgi a Kenitra. Idan akwai, kuma kana tafe da dattawa ko manyan akwatuna, zaɓi wanda ya ba da tazara mai yawa tsakanin jiragen biyu.

Fas kwana uku, kada a rage. Tsohon garin mota ba ta shiga, lungunan sai ƙafa da jaki da amalanke. Tasi zai ajiye ka a bakin ƙofa, mai amalanke ya ɗauki kayanka, amma ku yi ciniki kafin ya ɗora. A nan jami'ar Alƙarawiyyin take, wadda Fatima al-Fihri ta kafa a 859, a nan kuma zawiyar Shehu Ahmad Tijjani take, wanda ya rasu a 1815. Mai niyyar ziyara ya ƙirga kwanakinsa tun daga gida yadda Juma'a za ta same shi a Fas, don ya samu zikirin yamma. Wato ranar Juma'ar ce za ta zaɓa maka ranar tashi.

Safiyar rana ta bakwai za a karɓi mota, kuma nan ne tafiya ta fi lalacewa, don haka mu tsaya a kai.

Tun wajen yin oda ka bayyana cewa a Fas za ka ɗauka, a Marakish za ka mayar. Akwai ƙarin kuɗi a kan haka, a rubuta shi a takarda. Yawancin motocin masu giya ne, atomatik kaɗan ce kuma ta fi tsada, idan ita ka iya ka kama ta da wuri. Ka zo da lasisinka na gida da na ƙasa da ƙasa. Babban tarko shi ne kuɗin ajiya: kamfanoni da yawa suna riƙe shi ne a kan katin bashi mai sunan direban, kuma suna iya ƙin katin cire kuɗi, ballantana na naira. Ka rubuta musu tun kana gida, ka faɗi irin katinka, su amsa a rubuce. In ba haka ba za ka tsaya gaban kanta da iyali da kaya, mota na kallonka ba za a ba ka makulli ba.

Kafin ka tayar, zagaya motar da wayarka kana ɗaukar bidiyo, ma'aikacin na tsaye. Kowane ƙarce, gilashin gaba, gefen tayoyi. Buɗe but ka taɓa safaya ka ji ko da iska, ka ga jak. Tambayi wane mai take sha, don da yawa na gas ne, wato dizal, a famfo za ka ga an rubuta gasoil. Inshorar da aka saba bayarwa galibi ba ta ɗaukar taya da gilashi da ƙarƙashin mota, kuma idan ka sauka daga kwalta ka shiga yashi, asarar taka ce.

Tuƙi a hannun dama ne kamar gida. Gudu 60 a gari, 100 a waje, 120 a babbar hanya. Jandarmomi na tsayawa da na'urar auna gudu, sau da yawa daidai inda allo ya sauko zuwa 60 alhali ba ka ga gida ko ɗaya ba tukuna. Bi allon. A shinge ka rage sosai, ka jira a ɗaga maka hannu. Idan an ci ka tara, ka biya ka karɓi rasit.

Fas zuwa Merzuga kusan kilomita 470 ne. Ana iya yi a yini ɗaya, amma ba mu ba da shawara ba. Raba shi: ka bi Ifran da dajin Azru mai birai, ka kwana a Midelt. Washegari ka gangara kwarin Ziz, dabino kamar kogi kore tsakanin jajayen duwatsu, ka isa Merzuga kafin la'asar. Ajiye motar a masauki, masu sansani su ɗauke ka a raƙumi ko a tasu motar. Kwana biyu a nan, ka leƙa kasuwar Risani, kusa da kufan Sijilmasa inda a da ayarin fatake ke tashi zuwa Tambutu.

Rana ta goma Tingir da kwazazzabon Todra, ta sha ɗaya Warzazat da Ait Ben Haddu. Ta sha biyu ka haye Tizi n'Tishka, mashigar duwatsun Atlas mai tsayin mita 2,260, zuwa Marakish. Nisan bai kai kilomita 200 ba, amma ka ware awa huɗu. A gangara ka sa ƙaramar giya injin ya riƙe motar, don wanda ya danne birki tun daga sama zai ji ƙauri, birkin ya yi laushi. Kada ka bari dare ya same ka a kan wannan hanya ko wata ta karkara.

A Marakish cika tanki, riƙe rasit, ka mayar da motar kafin lokacin da ka karɓe ta, don awa 24 suke ƙirgawa, jinkiri kaɗan na iya zama kuɗin yini. Kwana biyu a nan, masallacin Kutubiyya da dandalin Jama'ul Fana duk da ƙafa. Rana ta 14 ka hau jirgin Kasabalanka, kusan awa uku, sannan ka canja zuwa na filin jirgi. Idan tashinka na safe ne, rage kwana ɗaya a Marakish ka kwana a Kasabalanka. Dirhamin da ya rage a aljihu ka canja shi kafin ka wuce shige da fice, don a gida da wuya ka samu mai karɓa.