Hermitage: Gidan Yaƙi A Kwarin Ɓarayin Shanu

Ku ƙare wa wannan bango kallo. Dutse ne zalla, tagogin ma 'yan mitsi-mitsi, sai ka ce maginin ya yi rowar haske. Wannan shi ne Hermitage, a kwarin Liddesdale na kudancin Sikotlan, daf da iyakar Ingila. Wanda ya gina shi ba jin daɗi ya zo nema ba.

A zamanin da, dangogi irin su Armstrong da Elliot ne ke cin karensu babu babbaka a yankin. Dare na yi sai su hau dawakai su tsallaka iyaka, su koro shanun mutane, 'yan ɗaya ɓangaren su ma su rama. Duk wanda ke riƙe da Hermitage, shi ke da wuƙa da nama a kwarin.

Gidan de Soulis ne suka fara kafa sansani a nan wajajen 1240, da katako da tudun ƙasa. Ginin dutsen kuwa wani basaraken Ingila, Dacre, ya soma shi wajajen 1360, sannan dangin Douglas suka faɗaɗa shi, suka kafa hasumiya a kowace kusurwa.

To, ku ɗaga ido sama. Kun ga wannan ƙaton bakan gizo da ya haɗa hasumiyoyi biyu? Baƙo zai ɗauka ƙofa ce, alhali ba ita ba ce. An yi shi ne don saman bango ya miƙe ba yankewa. Ramukan nan da suka jeru can sama kuwa, nan ake cusa gumagumai a ɗora barandar katako, mayaƙa su tsaya a kai suna sako wa abokan gaba duwatsu da kibau. Da bindiga ta zo a ƙarni na 16, sai aka huda bangon aka yi mata kafofi masu faɗin baki.

Wurin yana da mugun tarihi. A 1342 William Douglas ya kama Alexander Ramsay, wani jarumin Sikotlan, ya kulle shi a nan har yunwa ta kashe shi. Ana ba da labarin wai ya yi kwanaki yana tsintar ƙwayar hatsin da ke zubowa daga rumbun da ke samansa. Sarki ma bai saki jiki da masu gidan ba: a 1492 James na Huɗu, sarkin Sikotlan, ya raba dangin Douglas da shi, ya ba dangin Hepburn.

A watan Oktoban 1566 wani ɗan Elliot ya sari James Hepburn, basaraken Bothwell. Sarauniya Mary ta Sikotlan ta hau doki daga garin Jedburgh ta zo dubiya, kusan kilomita 40, ta juya a ranar. Tana komawa ciwo ya kwantar da ita, saura ƙiris ta mutu.

Da sarki ɗaya ya haɗa sarautar Ingila da Sikotlan a 1603, amfanin gidan ya ƙare. Rufi ya zube, katako ya ruɓe, bangon nan ne kawai ya rage. Tun 1930 yana hannun hukuma.