Daga Maraɗi zuwa Bakin Teku: Hanyoyin Isa Grand-Popo

Assalamu alaikum, masu kallo. Duk wanda ya tashi a Maraɗi, babban ruwan da idonsa ya saba gani shi ne Gulbi idan ya kawo da damina, sai kuma tafkin Madarumfa ga wanda ya leƙa can. Yau za mu yi bayanin yadda mutum zai bar nan ya isa inda ruwa ba shi da ƙetare, wato garin Grand-Popo, wanda ke bakin tekun Atlantika a kudu maso yammacin Jamhuriyar Benin, kimanin kilomita 80 yamma da Kwatano, kuma kilomita 20 kawai kafin iyakar Togo ta Hillacondji. Garin ƙarami ne, yana shimfiɗe a kan wani siririn tudun rairayi mai cike da itatuwan kwakwa, teku a gabansa, kogin Mono a bayansa, kuma mutanen Kwatano da na Lome sun daɗe suna zuwa can hutawa.

Abin da zai yanke muku hukunci a wannan tafiya ba nisan hanya ba ne, iyakar da za ku ƙetare ce. Saboda haka da ita za mu auna kowace hanya.

Hanyar da fatake da direbobin Maraɗi suka fi sani ita ce ta Gaya. Ana kama babban titin da ya nufi Yamai, a wuce Birnin Ƙwanni da Dogon Dutsi, har a kai Dosso, tafiyar da ta ɗan haura kilomita 500. Ba sai an shiga Yamai ba, domin a Dosso ne hanya take karkata kudu, kilomita 150 zuwa Gaya, a bakin kogin Isa. Manyan motocin fasinja na kamfanoni irin su Rimbo da STM suna tashi daga Maraɗi da asuba, don haka ana yankan tikiti tun jajibere, a je tasha kafin kiran sallah, a tabbatar an rubuta lamba a jikin jaka kafin a sa ta a ƙarƙashin mota.

A da, mota takan hau gadar da ta haɗa Gaya da Malanville, garin farko na Benin, ta wuce da fasinjojinta har Kwatano ba tare da an canza ta ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe gadar. Benin ta buɗe nata ɓangaren a 2024, amma Nijar ta bar nata a rufe saboda dalilan tsaro da ta bayyana, sai matafiya suka koma ƙetarewa da kwalekwale. Ku yi tunanin yadda abin yake: kun sauka daga mota da kaya, ƴan dako sun yi muku caa, kowa yana jan jaka, kun gangara bakin ruwa, an ɗora buhuna da babura da mutane a jirgi guda, mai inji yana jira ya cika kafin ya tayar. A can ƙetare kuma sai a sake neman ɗan kabu-kabu zuwa tashar da wata mota take jira. Kowane mataki da kuɗinsa, kuma wanda bai yi ciniki ba kafin a ɗauki kayansa, abin da aka faɗa masa daga baya shi zai biya. Halin da iyakar take ciki yana iya sauyawa daga wata zuwa wata, don haka tambaya ta farko da za ku yi wa mai sayar da tikiti ita ce: ina motar za ta tsaya, kuma kuɗin ya haɗa da tafiyar ƙetaren ko sai an sake biya?

Daga Malanville zuwa Kwatano kusan kilomita 730 ne, a kan titi guda wanda ya ratsa Benin daga sama har ƙasa. Ana wuce Kandi, sannan Paraku, wanda shi ne babban birnin arewa kuma wurin da ya fi dacewa a yada zango, domin akwai masaukai, akwai unguwar Zongo, Bahaushe ba zai rasa mai jin harshensa ko tuwon da zai ci ba. A arewacin ƙasar, musamman yankunan da ke kusa da gandun dajin W, an sha samun hare-haren ƴan bindiga a ƴan shekarun nan, shi ya sa muke ganin tafiyar rana ta fi ta dare, ko da hakan zai ƙara muku kwana guda. Daga Paraku ana gangarawa Dassa da Bohicon, ƙasa tana ƙara kore, iska tana ƙara nauyi, har mutum ya ji rigarsa ta manne a jiki alhali bai yi aikin komai ba. Akwai layin dogo tsakanin Paraku da Kwatano, amma jirgin fasinja ya daɗe da daina aiki a kansa, kada ku sa shi cikin lissafi. Gaba ɗaya, daga Maraɗi zuwa Grand-Popo ta wannan hanya kusan kilomita 1,500 ne, kuma mai hankali kwana biyu zuwa uku zai ware mata. Babban alherinta shi ne kuɗin aljihunku ba ya canzawa: sefar da kuka fita da ita daga Maraɗi ita ake kashewa a Benin da Togo.

Akwai kuma hanyar Najeriya, wadda ta fi kusa da ƙofarmu. Daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa, a shiga Jibiya, a kai Katsina, bai kai kilomita 100 ba, kuma an sake buɗe wannan iyaka a watan Maris na 2024. Daga Katsina sai Kano, daga Kano kuma mutum ya zaɓa: ko ya hau doguwar mota zuwa Legas, tafiyar da take cin yini da dare, ko ya hau jirgin sama ya sauka cikin sa'a ɗaya da rabi. Daga Legas ana bin Badagry zuwa iyakar Seme, a shiga Kwatano. Wannan hanya ta dace da wanda yake da ƴan uwa ko harkar kasuwanci a Kano, ko wanda yake so ya haɗa mota da jirgi don rage wahala. Amma iyaka biyu za ku ƙetare, za ku canji sefa zuwa naira sannan ku dawo da ita, shingayen bincike suna da yawa tsakanin Badagry da Seme, kuma yankin Jibiya ya yi fama da ɓarayin daji, don haka ba a bin sa da almuru. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, shi ne zai sauƙaƙa wannan ɓangare idan jirgi ya fara ɗaukar mutane.

Hanyar Burkina Faso zuwa Lome, wadda manyan motocin kaya suke bi cikin ayari da rakiyar sojoji, ba ta mai yawon shaƙatawa ba ce, kuma ba za mu tsaya a kanta ba.

Ga mai hali, ko mai tafiya da tsofaffi da ƙananan yara, jirgin sama ya fi. Sai an je Yamai tukuna, kilomita 660 daga nan, a tashi daga filin jirgin Diori Hamani. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, sauka a Lome, inda kamfanin ASKY yake da cibiyarsa, bai fi sauka a Kwatano nisa da Grand-Popo ba, domin daga Lome kimanin kilomita 70 ne, ta Aneho da Hillacondji. Sai dai ku tuna agogon Togo yana bayan namu da sa'a guda, alhali na Benin da na Najeriya daidai suke da na Nijar.

Kowace hanya kuka bi, takardu iri ɗaya ne. Nijar ta fice daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairu 2025 tare da Mali da Burkina Faso, amma ƙungiyar ta sanar cewa ƴan waɗannan ƙasashe za su ci gaba da shiga ba tare da biza ba har sai an fitar da wata sanarwa. Duk da haka fasfo ya fi katin shaida sauƙin sha'ani a bakin iyaka. Kada ku manta da katin rigakafin shawara, mai launin ɗorawa, domin ana neman sa, kuma yaron da zai yi tafiya ba tare da iyayensa ba yana buƙatar takardar izini.

Daga Kwatano abin ya zo da sauƙi. Ɗan babur mai rigar ɗorawa, wanda can ake kira zemijan, zai kai ku inda ƙananan motocin haya masu zuwa iyakar Togo suke lodi. Ku ce Grand-Popo za ku sauka, ku kuma faɗi sunan masaukinku, domin garin dogo ne kuma masaukan a warwatse suke a gefen titi. Ana wuce Wida da Come, tafiyar kamar sa'a biyu idan cunkoson fita daga birni bai riƙe ku ba. Daga Disamba zuwa Maris ruwan sama ya ɗauke, lokacin ne ya fi daɗin zuwa, amma wanda zai je a lokacin bikin Nonvitcha na mutanen garin, wanda ake yi duk shekara a ranakun bikin Kirista na Fentikos tun 1921, sai ya kama ɗaki tun da wuri.

Da sassafe za ku tarar da masunta ashirin ko talatin sun jeru a kan rairayi suna jan igiyar koma guda, suna waƙa, mata suna tsaye da kwanduna suna jiran kifi. Ku kalla daga tudu. Tekun wannan gaɓa yana da igiya mai ja zuwa ciki, har ƴan gari suna shakkar sa, kuma wanda ya iya iyo a Gulbi bai iya a nan ba. Mai son shiga ruwa sai ya ɗauki jirgi a kogin Mono, tare da ɗan rakiya, zuwa Bouche du Roy, inda kogin yake zuba cikin teku.