Jawabi Kan Barin Yara Su Yi Wasan Kansu a Waje

Assalamu alaikum. Mai girma shugaba, dattawanmu, iyaye mata da maza, barkanmu da war haka.

Maganata kan wasan da yaro ke ƙirƙira da kansa ne a waje, ba wanda babba ya tsara masa ba. A zaman da muke yi a nan ƙasar waje, sanyi da gidan bene da tsoron ma'aikatan walwalar yara sun sa mun kulle 'ya'yanmu a ɗaki, kowa da waya a hannu. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga shekara 5 zuwa 17 yaro na buƙatar aƙalla minti 60 kullum yana motsa jiki har ya yi haki. Ido ma na da rabonsa: tun 2010 Taiwan ta nemi makarantunta su riƙa fitar da yara waje minti 120 a rana, domin hasken rana na rage matsalar rashin ganin nesa.

Haɗari iri biyu ne, kuma a nan muke yawan kuskure. Akwai wanda yaro ba ya gani: ƙusa a jikin katako, fasasshiyar kwalba cikin ciyawa, ruɓaɓɓen reshe, mota mai ja da baya. Wannan aikinmu ne, mu zagaya filin mu kawar kafin a fara. Akwai kuma wanda yake gani da idonsa yana aunawa, kamar tsayin bishiya ko santsin dutse. Wannan nasa ne, a bar masa.

Ɗauki hawan bishiya. Kada ki ɗaga yaro ki ɗora shi inda bai hau da ƙafarsa ba, don wanda bai san hanyar hawa ba bai san ta sauka ba, nan ake faɗowa. Ya taka reshe mai ɗanyen ganye wanda kaurinsa ya kai cinyarsa, kusa da gindin reshen. Gaɓoɓi uku su kasance a riƙe, ɗaya na neman wuri. A cire masa hular keke da duk rigar da ke da igiya a wuya, suna sarƙewa su shaƙe yaro.

Kayan wasan ba sai an saya ba. A 1943 aka buɗe wani fili a Emdrup, cikin Kopenhagen, babban birnin Denmark, inda aka zube wa yara tarkacen gini kawai, suka riƙa gina abin da suka ga dama. Tsohuwar taya, katako biyu ko uku, bokiti, kwali, ƙaramin shebur, sun wadatar. Yaro zai ɗora katako kan taya wai gada, ya taka, ta kife. Hannunka zai yi ƙaiƙayi, Alhaji, amma ka ƙirga ashirin a zuci kafin ka tanka. Sau da yawa kafin ka gama ya matsar da tayar ya sake gwadawa. Shi kuma "yi hankali!" da muke ta rangaɗawa, ba ya gaya wa yaro komai, sai firgita. Gara ka ce, "Ina za ka sa ƙafarka yanzu?"

Ruwa ne kaɗai ba a ƙirga masa ashirin. Ƙaramin yaro na iya nutsewa a ruwan da bai wuce santimita 5 ba, kuma shiru, babu ihu. In bai kai shekara 5 ba, ki tsaya inda hannunki zai kai gare shi.

Batun sanyi, riga uku: ta ciki mai tsane gumi, ta tsakiya mai ɗumi, ta sama mai tare ruwa da iska. Auduga a jikin fata tana riƙe gumi, da yaro ya tsaya sai sanyi ya kama shi.

Shekarun da doka ta yarda a bar yaro shi kaɗai sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a Amurka ma daga jiha zuwa jiha, don haka kowa ya tambayi makarantar ɗansa. Shawarata ga ƙungiya, mu ware awa biyu kowace Asabar, iyaye biyu su riƙa karɓa-karɓa, su zauna inda suke ganin yaran ba tare da sun shiga wasan ba. Mai son ya fara, ya ba sakatare sunansa kafin mu tashi. Na gode.