Idan Manhajoji Biyu Suka Yi Kama, Kwafa Ce ko Dacewa?

Idan masu rubuta manhaja biyu suka fito da aiki iri ɗaya, akan yi saurin zargin cewa ɗaya ya kwafi na ɗan'uwansa, alhali tarihin kwamfuta ya nuna cewa ba kullum haka abin yake ba. A shekarar 1973, Clifford Cocks, masanin lissafi a hukumar leƙen asirin sadarwa ta Birtaniya, ya gano wata dabarar kulle saƙo wadda gwamnati ta ɓoye har zuwa 1997. Amma a 1977 sai ga masana uku a jami'ar MIT ta Amurka sun fito da dabarar RSA, wadda kusan ita ce tasa, ba tare da sun taɓa ganin aikinsa ba.

Dalilin kuwa shi ne, sau da yawa matsalar ce da kanta take takaita hanyar warware ta. Yaren da ake rubuta manhaja da shi yana da ƙa'idojinsa, na'urar tana da iyakarta, kuma masu aikin galibi littattafai iri ɗaya suka karanta. Saboda haka ne wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka, a shari'ar zargin kwafar manhaja tsakanin kamfanonin Computer Associates da Altai a 1992, ta ce sai an fara tace duk abin da larura ta tilasta da abin da yake mallakar kowa, sannan a kwatanta abin da ya rage.

A nan ne hujjar gaske take ɓuya, domin abin da ke tona asirin mai kwafa shi ne abin da ba shi da amfani: kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, ko layin da ba ya aikin komai, ko bayanin gefe mai kuskuren rubutu. Mutum biyu suna iya haɗuwa a kan amsar da take daidai, amma da wuya su yi tuntuɓe a kan dutse ɗaya. A shari'ar kamfanonin kwamfuta na Apple da Franklin ta 1983, an tarar da sunan wani ma'aikacin Apple a cikin manhajar Franklin, kuma kamfanin Franklin bai musanta kwafar ba.

Jami'o'i da yawa suna amfani da manhajar MOSS wajen gano kamanni tsakanin manhajojin da ɗalibai suka rubuta, kuma sauya sunayen abubuwan da ke cikin manhaja ba ya ruɗa ta, tunda tsarin ginin take dubawa. Sai dai kamanni kawai take nunawa, malami ne yake yanke hukunci, bayan ya tambayi ɗalibin dalilin da ya sa ya rubuta kowane layi.