Adalci a Rabon Kyaututtuka a Gasannin Katunan Tarawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gode wa waɗanda suka shirya wannan zama, da ku da kuka bar harkokinku kuka zo sauraro. Batun da aka ba ni ya shafi yadda ake raba kyaututtuka a gasannin wasan katunan tarawa, kuma tun da na san cewa da yawa daga cikinmu da sun ji kalmar kati zuciyarsu za ta tafi kan kartar da ake bugawa a bakin titi, ya kamata in fara da fayyace abin da nake nufi.

Katunan tarawa katuna ne da kamfani yake bugawa, kowanne da hotonsa da aikin da yake yi a cikin wasa, ana sayar da su a fakiti a rufe, mai saye bai san abin da ke ciki ba sai ya buɗe. Ɗan wasa yana tara su, yana musaya da abokansa, sannan ya zaɓi waɗanda zai haɗa ƙunshinsa da su ya je ya kara da wani. Wanda ya buɗe wannan fage shi ne wasan Magic: The Gathering, wanda wani masanin lissafi ɗan Amurka mai suna Richard Garfield ya ƙirƙira, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 1993. Katunan Pokémon sun biyo baya a Japan a 1996, sai Yu-Gi-Oh! na kamfanin Konami a 1999. A watan Fabrairun 1996 aka yi gasar ƙwararru ta farko ta Magic a birnin New York, wadda ake kira Pro Tour, kuma tun daga ranar da kuɗi ya shiga lamarin ba a daina jayayya kan yadda ya dace a raba shi ba. Zan fi jingina da Magic saboda a nan ne aka fi daɗewa ana wannan jayayya a fili.

Mu fara da yadda ake tantance matsayi, domin ba za a fahimci rabon ba sai an san ma'aunin da aka auna mutane da shi. Ana amfani da abin da ake kira tsarin Suwizalan, wanda aka aro daga gasar dara ta Turawa, inda aka fara aiki da shi a birnin Zurik a 1895. A wannan tsari ba a korar wanda aka doke. Kowane zagaye ana haɗa ɗan wasa da wanda suke da maki iri ɗaya, nasara maki 3, canjaras maki 1, shan kashi babu komai. Bayan an kammala zagayen da aka ƙayyade sai a ware mutum takwas na sama su shiga matakin sili ɗaya ƙwale, kuma a hannun waɗannan takwas ɗin mafi yawan kyautar take ƙarewa.

Ga wani lissafi mai sauƙi da kowa zai iya yi da alƙalami. A ce mutum 32 sun shiga gasa a wani shago, aka yi zagaye 5, kuma ba a sami canjaras ko ɗaya ba. Dole sakamakon ya fito kamar haka: mutum ɗaya ya ci duka biyar, mutum biyar sun ci huɗu, mutum goma sun ci uku. Idan aka ce takwas za a ɗauka, shida na farko sun shiga babu gardama, saura gurbi biyu, ga kuma mutum goma da kowannensu ya ci wasa uku aka ci shi biyu. Da me ake raba su? Ana duba ƙarfin abokan karawar da kowa ya haɗu da su, wato yawan nasarar da waɗannan abokan suka samu a sauran wasanninsu. Ke nan makomarka ta rataya ga wasan da wasu suka buga a wani tebur da ba ka zauna ba, alhali kuwa kwamfuta ce ta haɗa ka da su, ba kai ka zaɓa ba. Ni ban ga laifin wannan ma'auni ba, domin dole a sami hanyar raba gardama. Inda nake ganin rashin adalci shi ne a ɗora babbar kyauta a kan wannan ɗan siririn bambanci, na takwas ya koma gida da abin da ya ninka kuɗin shigarsa sau da yawa, na tara ya koma hannu rabbana, alhali aikinsu a ranar iri ɗaya ne.

Sannan akwai sa'a, wadda aka gina cikin wasan da gangan. A Magic ƙunshi yakan kasance katuna 60, ana cakuɗa su, a ja bakwai na farko, kuma gwanin gwanaye yana iya jan hannun da ba zai iya yin komai da shi ba. Wannan ne ya sa wasan yake da daɗi ga sabon shiga, tun da yana iya doke wanda ya fi shi. To amma ku duba abin da hakan ke nufi ga kyauta. A ce gwani yana cin wasa 6 cikin kowane 10 idan ya haɗu da takwarorinsa. Kafin ya ɗauki kofi daga cikin takwas ɗin ƙarshe sai ya ci karawa uku a jere, kuma damar hakan ba ta kai kashi 22 cikin 100 ba. Gwaninta takan bayyana ne idan aka duba wasanni masu yawa cikin shekaru, kamar yadda ta bayyana ga Kai Budde ɗan Jamus wanda ya ci Pro Tour sau bakwai. Yini guda ba ya isa ya nuna wa ya fi wa, don haka tsarin da ya tara kuɗi a kan sakamakon yini guda yana biyan sa'a fiye da yadda masu shirya shi suke son amincewa.

Masu goyon bayan tara kyauta a sama suna da hujjarsu, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Sun ce babban adadi ne yake jan hankalin 'yan kallo da 'yan jarida. A watan Fabrairun 2020 aka yi gasar duniya ta Magic a Honolulu, mutum 16 suka fafata a kan dala miliyan ɗaya, Paulo Vitor Damo da Rosa ɗan Barazil ya tafi da dala 300,000. Labari irin wannan yana sa yaro ya sayi fakiti yana mafarkin wata rana shi ne. Na yarda da haka idan kuɗin daga aljihun kamfani ya fito a matsayin talla. Amma gasar shago, ko babbar gasar da kowa yake biyan kuɗin shiga, lamarinta daban ne, domin a can kuɗin 'yan wasa ne ake tarawa a mayar wa wasu daga cikinsu. An taɓa yin irin wannan buɗaɗɗiyar gasa a Las Vegas a 2015 wadda ta tara fiye da mutum 7,000. Wanda ya biya kuɗinsa ya shiga yana da haƙƙin a gaya masa, tun kafin ya miƙa kuɗin, nawa ne zai koma ga kyauta, nawa ne na hayar zaure da alƙalan wasa, kuma har zuwa matsayi na nawa za a biya. Mai shirya gasa da ya ce kyauta za ta danganta da yawan waɗanda suka zo, ba tare da ya bayyana ƙa'idar lissafin ba, ya bar wa kansa ƙofar da bai kamata ya bari ba.

Yanzu na zo wurin da ya fi damuna. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma tazarar da ke tsakanin na takwas da na tara ita ce tsagar bangon. Dokar Magic ta yarda mutum biyu su amince da canjaras ba tare da sun buga ba. Saboda haka a zagayen ƙarshe waɗanda suke sama sukan yi lissafi, su ga maki ɗaya ya ishe su duka, su gaisa su sa hannu a takarda, yayin da na ƙasa da su yake gumi yana neman nasarar da wataƙila ba za ta amfane shi ba. Dokar ta kuma yarda a yi yarjejeniyar raba kyauta, amma ta haramta a haɗa rabon da sakamakon wasa. Idan ka ce wa abokin karawarka ya sallama maka za ka ba shi wani abu, wannan toshiyar baki ce, kuma hukuncinta yana iya kaiwa ga kora daga gasar. Haka nan ba a yarda a jefa kwabo don a fitar da wanda ya ci ba.

A takarda wannan iyaka a bayyane take, amma a bakin tebur ta zama gwajin iya magana. Tsohon hannu ya san yadda zai fara maganar rabo ya gama, sannan daga baya ya tambayi ko za a sallama masa, ba tare da ya haɗa biyun a jimla ɗaya ba. Sabon shiga kuwa, wanda ya faɗi abin da ke ransa kai tsaye, shi ne ake hukuntawa. Ban ce a soke dokar toshiyar baki ba, tana da muhimmanci ƙwarai. Abin da nake cewa shi ne alƙalan wasa suna fama da cutar da tsarin rabon kyauta ya haifar. Da za a bar maki su yi magana, a ce duk wanda ya ci wasa huɗu ga abin da zai samu, wanda ya ci uku ga nasa, kamar yadda shaguna da yawa suke yi a ƙananan gasanninsu, da babu wanda zai ga ribar sayen sallamawa, domin tazarar da za a saya ta yi ƙanƙanta.

Wani ɓangaren adalci kuma shi ne cika alƙawari, kuma tarihin Magic yana da darasi a nan. A watan Afrilun 2016, ana tsakiyar gasar Pro Tour a Madrid, kamfanin ya sanar da cewa zai rage kuɗin halarta da yake biyan 'yan wasa masu matsayi mafi girma daga dala 3,000 zuwa dala 250 a kowace gasa. Mutanen nan sun riga sun shafe watanni suna tafiye-tafiye don su kai wannan matsayi bisa tsohon alƙawari. Ƙorafi ya yi yawa, cikin 'yan kwanaki kamfanin ya janye. A watan Satumbar 2018 Gerry Thompson, ɗan Amurka da ya cancanci shiga gasar duniya, ya ƙi halarta don nuna rashin amincewa da yadda ake tafiyar da ƙwararrun 'yan wasa. A ƙarshen shekarar aka kafa rukunin ƙwararru na mutum 32 da kwantiragin dala 75,000 kowanne, amma a watan Mayun 2021 aka sanar da cewa za a rushe shi. A shekarar ce kuma aka rage kyautar gasar duniya daga dala miliyan ɗaya da aka sa rai zuwa dala 250,000, sai da aka sake yin ƙorafi aka ƙara wa kowane ɗaya daga cikin mutum 16 kuɗin halarta dala 50,000. Ku lura da cewa gyaran da aka yi a ƙarshe ya raba kuɗin daidai wa daida tsakanin duk waɗanda suka kai wannan mataki. Kamfani yana da ikon ya rage abin da yake bayarwa, tun da dukiyarsa ce, amma alƙawari kaya ne, kuma lokacin sauya shi shi ne kafin mutane su fara kakar wasa, ba bayan sun kashe kuɗin jirgi da masauki ba.

Sauran kamfanonin sun bi wasu hanyoyi. Pokémon ya raba 'yan wasa rukuni uku bisa shekaru don kada yaro ya kara da magidanci, kuma ya daɗe yana ba ƙananan yara kyautarsu a matsayin tallafin karatu, abin da nake ganin ya dace. Konami kuwa an san shi da rashin ba da tsabar kuɗi a manyan gasanninsa, sai kofi da kayayyaki da kati na musamman da ba a sayarwa a shago. Wannan ya rage kwaɗayi a fili, amma darajar kyautar ta koma hannun kasuwa, kuma wanda ya ci sai ya zama ɗan kasuwa kafin ya mayar da kuɗin tafiyarsa.

Maganar tafiya ta kawo ni ga abin da ya shafe mu kai tsaye. Kyautar dala 1,000 ba ɗaya take ba ga wanda ya tuƙo mota na awa biyu da wanda ya tsallako teku. A tsarin gasannin yanki da Magic ya koma a 2022, an haɗa Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya a yanki guda, kuma a biranen Turai ake yin gasannin, don haka ɗan Afirka da ya cancanta sai ya nemi biza ya sayi tikiti kafin ya zauna a tebur. Idan kuɗin da ake da shi ba zai ƙaru ba, ni a ganina gara a rage wani kaso daga kyautar na ɗaya a mayar da shi tallafin tafiya ga waɗanda suka cancanta daga nesa, a kuma sanar da wurin gasa da ranarta da wuri, yadda wanda yake buƙatar biza zai sami isasshen lokacin nema kafin ranar ta zo.