Kashi ɗaya cikin ɗari: kuɗin asibitin ƙauye

Idan ka shiga asibitin sha-ka-tafi a ƙauye, aka rubuta maka magani a takarda aka ce ka je kemis, kada ka yi saurin ganin laifin malamin asibiti. Shekaru da dama waɗannan asibitoci suna ƙarƙashin ƙananan hukumomi, kuma galibi abin da ke isowa albashi ne kawai. Ba kuɗin auduga, ba na man janareto. Ungozoma ta karɓi haihuwa da fitilar waya, dangin mai naƙuda su sayo safar hannu da reza.

Don magance wannan aka kafa asusun BHCPF, wato asusun samar da kula da lafiya a matakin farko, a cikin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, zamanin Goodluck Jonathan. Dokar ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin da ke shiga babban asusun gwamnatin tarayya domin lafiya a matakin farko. Amma sai a kasafin 2018 kuɗin suka fara bayyana, kimanin naira biliyan 55. Shekara huɗu doka tana kwance a takarda.

Kusan rabin kuɗin yana bi ta hukumar inshorar lafiya, domin marasa ƙarfi, musamman masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 5, su samu awon ciki, haihuwa da maganin zazzaɓin cizon sauro ba tare da sun biya ba. Kashi 45 kuma yana bi ta hukumar NPHCDA, mai kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa, don magani, gyaran gini da ma'aikata. Ɗan abin da ya rage na agajin gaggawa ne.

To, ga inda tsarin ya yi dabara. Wani ɓangare na kuɗin ba ya tsayawa a ofishin ciyaman, kai tsaye yake faɗawa asusun banki na asibitin. Kuma shugaban asibiti ba shi kaɗai ke sa hannu ba, sai da shugaban kwamitin raya mazaɓa, wato mutumin gari, wanda matarsa ma can take zuwa awo. Su zauna su duba: rufin ɗakin haihuwa ne ke yoyo? Batirin sola ne ya mutu, firjin allurar rigakafi ya tsaya? Su gyara ba tare da jiran takarda daga sakatariya ba.

Nawa ne kuɗin? An daɗe ana bai wa kowane asibiti kimanin naira dubu 300 duk wata uku. Dubu ɗari a wata ke nan, a lokacin da farashin magani ya yi tashin gwauron zabo. A 2025, ƙarƙashin ministan lafiya Muhammad Ali Pate, aka sanar da ƙara shi zuwa tsakanin dubu 600 da dubu 800.

Sannan ba kowane asibiti ke samu ba. An fara ne da guda ɗaya a kowace mazaɓa, kimanin 8,800, alhali ƙasar na da irinsu wajen 30,000, kodayake gwamnati ta ce za ta ninka adadin masu samun kuɗin. Kuma kuɗin fenti ba sa zaunar da ungozoma a ƙauyen da babu tsaro, babu gidan ma'aikata. Wannan nauyi yana wuyan jihohi, waɗanda dokar ma ta ce su zuba nasu kason.

Idan asibitin mazaɓarku yana cikin tsarin, tambayi ɗan kwamiti nawa ya shigo a watanni ukun da suka wuce, da abin da aka saya da shi.